Baƙar Rigar Kawu Mai Tsaron Raga

Daga Allah muke, wurinSa za mu koma, kuma mijin gwaggona ya riga mu tafiya ranar wata Talata, ana tsakiyar yankan shinkafa. Ya yi azahar a masallacin bakin kasuwa, ya dawo shago ya ce kansa na sara masa, ya miƙe a kan benci. Ko da na juyo da kofin ruwa, ya cika. Kafin magariba mun rufe shi.

Kawu nake ce masa, ko da yake ba ɗan'uwan uwata ba ne. Mutanen Bagudo kuwa Bature Mai Inji suke kiransa, don shekara talatin da 'yan kai shi ke gyara musu injin ban ruwa. Asalinsa mutumin ƙasar Yukren ne, kuma kafin ya san mece ce fadama, ɗan ƙwallo ne, mai tsaron raga. Shi da Gwaggo Allah bai ba su haihuwa ba, sai babana ya ɗauke ni ina ɗan shekara huɗu ya miƙa wa ƙanwarsa. A hannunsu na tashi, a shagonsa na koyi sana'a, kuma ni na shiga kabari na karɓe shi.

Zaman makoki ya cika ya batse. Tabarmin gidanmu suka ƙare, aka aro na masallaci. Manoman Zagga suka zo a bayan a-kori-kura guda, laka ko bushewa ba ta yi a ƙafarsu ba. Babbansu ya yi addu'a, ya shafa, sannan ya dube ni ya ce, "To bana wa zai taɓa muna inji?" Aka yi masa caa, wai ba maganar makoki ba ce. Ni kuwa ban ji haushi ba, don na san da Kawu yana ji, wannan ta'aziyyar za ta fi masa daɗi. Wani tsoho daga Sharabi ya zauna ya rufe fuska da hula, kafaɗunsa na rawa, har aka watse.

Rana ta biyu wata mata ta zo daga tsallaken iyaka, daga ƙasar Benin, tare da ɗiyarta mai goyo. Maimakon ta wuce cikin gida wurin mata, sai ta tsaya a bakin zaure ta ce sai maza sun ji. Ta ce shekara ashirin da suka wuce tana ƙoƙarin shiga kwale-kwale a mashigin Kwara, majanyinta ya kwance, jaririya ta sulluɓo ta baya da ka. Bature yana can gefe da akwatin sifanoninsa. Ba ta ga tahowarsa ba, ita dai ta ji tim, ta waiwaya ta gan shi kwance a kan duwatsu, hannu biyu a sama, yarinya a ciki ko kuka ba ta fara ba. Haƙarƙarinsa biyu suka karye ranar. Ta kamo hannun ɗiyar ta ɗaga. "Ga ta nan. Wagga ita ya cafe. Ga kuma abin da ta haifa."

Ana cikin wannan ne na ji wani baƙo, da ya biyo mutanen Matsinkai, yana yi wa na kusa da shi raɗa: "Wai don Allah da gaske ya musulunta, ko dai don auren ne?" Ɗayan ya ce, "Allah masani. Irinsu ai ba a gane cikinsu." Wallahi na yunƙura. Yayana ne ya danne mini gwiwa ya ce, "Zauna, gidan mutuwa ne." Na zauna, amma maganar ba ta fita daga kunnena ba.

Ba yabo kaɗai ya sa na ɗauki biro ba. Na yi wa Kawu laifi kwana uku da rufe shi, laifin da ba zai iya yafe mini da bakinsa ba, kuma a kan wata baƙar riga ne da uwarsa ta saƙa masa. Amma kafin in faɗi abin da na aikata, bari ku san wanda na yi wa.

Labarin ƙwallonsa bai taɓa ba ni shi a zama ɗaya ba. Guntu-guntu nake tsinta, yana kwance inji ina riƙe masa fitila ko miƙo noti. Garinsu ƙarami ne, masana'antar sukari ce ke riƙe da kowa, kuma ita ke da ƙungiyar ƙwallo. Yana ɗan shekara goma sha bakwai aka sa shi a raga, sai aka rasa rigar gola da za ta kai masa wuyan hannu, don hannuwansa zaƙo-zaƙo ne. Uwarsa ta sayo baƙin ulu ta saƙa masa, ta ɗinka lamba ɗaya da farin ƙyalle a baya. Da ita ya fara, kuma ko bayan an ba shi ta ƙungiya, yakan sa ta a ciki ranar sanyi. Ya ce akwai ranakun da sai sun share ƙanƙara da shebur kafin su ga layin fili. Suka hau zuwa rukuni na biyu na ƙasar, sukan kwana biyu a jirgin ƙasa don wasan minti casa'in. Har wata babbar ƙungiya ta babban birni ta aiko ya je gwaji. Saura mako guda ya tafi, wani ɗan gaba ya taka masa hannu da takalmi a cikin taɓo, yatsu uku suka karye.

A asibitin ne ya haɗu da Gwaggo. Ita ce mace ta farko a danginmu da ta fita waje karatu, aikin jinya da ungozoma, kuma tun tana yarinya bakinta ba ya shiru. Ya ce tana naɗe masa hannu tana yi masa faɗa da yarensu, wai wane irin ƙato ne zai sa hannu inda mutane ke sa ƙafa. Ya koma raga ya yi shekaru yana wasa da yatsu a ɗaure, amma babbar ƙungiyar ba ta sake nemansa ba. Da Tarayyar Sobiyat ta wargaje, masana'anta ta rufe, 'yan wasa suka watse. Ya yi kakar wasa ɗaya a wata ƙasa maƙwabciya, sannan ya tattara ya biyo Gwaggo. In aka tambaye shi me ya kawo shi wannan zafi, sai ya ce, "Na saba da faɗanta. Na yi shekara babu mai yi mini, na rame."

Yatsun nan ba su taɓa miƙewa ba. A zaman tahiya, manuniyarsa gefe take nunawa, wajen wanda ke damansa, mu yara mu yi ta ƙunshe dariya a sahun baya. Yana cin ɗanyar albasa da gishiri da burodi kamar wani abin kirki. Yana jiƙa kabeji a kwalba ya rufe sai ya yi tsami, ranar da zai buɗe kowa ya san inda zai gudu. Akwai wata jar miya ta ƙasarsu da yake marmari, ba a samun kayanta a nan, sai Gwaggo ta riƙa yi masa da zoɓo da kabeji da ƙashin sa. Ya sha kwano biyu ya ce, "Ba ita ba ce." Ta ce, "To aje." Ya ce, "Ƙaro." Haka suka yi shekara talatin.

Kuma ba abin da ke faɗuwa a gabansa ya kai ƙasa. Kofi, ƙwai, mangwaro daga bishiya, sai ka ga hannu ya fito daga inda ba ka zata ba. Shi ya koya mini tsaron raga a filin bayan firamare, kuma shi ya horar da ƙungiyar unguwarmu ba tare da kowa ya naɗa shi ba. Maganarsa kullum ita ce, "Kada ka kalli ƙwallo, ƙwallo maƙaryaci ne. Kalli ƙafar da ke ƙasa." Har a kan mutane yakan faɗe ta. In manomi ya zo yana rantsuwa bai taɓa injin ba, Kawu ba ya kallon bakinsa, yatsunsa yake kallo, ya ga baƙin mai a ƙarƙashin farce.

Ni kuwa tun ina firamare nake dambe a kansa. Yara su ce mini ɗan gidan kafiri, in yi kukan kura in faɗa musu. Haƙorina na gaba da ya gutsure, a kan haka ne. Mutumin da ba ya fashin asuba a jam'i, wanda azumi ke yi wa jina-jina har fatarsa ta yi ja amma bai taɓa sha ba, shi ake cewa don mace ya yi. Da na dawo gida da jini a baki, sai ya ce, "Wa ya ci?" In ce ni. Ya ce, "To wanke bakinka, kada gwaggonka ta ci mu duka."

Shi ya sa abin da na faɗa masa ina ɗan shekara goma sha tara ya fi muni. Muna da wasa da wani ƙauye na tsallaken iyaka, wasan da ake yi kowace kaka bayan girbi, kuma sun yi shekara uku suna lallasa mu. Ni ne gola, ni ne kyaftin. Muka je wurin wani mutum ya ba mu laya, muka binne a gindin turken raga da sassafe. Ban san yadda Kawu ya ji ba. Ana saura kaɗan a fara, ya zo da sifana ya tona, ya ciro ta a gaban kowa, ya cilla bayan fili.

Na ce, "Kawu, mene ne haka?"

Ya ce, "Golan da ya san akwai abu a ƙasa ba ya faɗuwa da dukan jikinsa. Jira yake a taimake shi."

Aka ci mu uku ba ko ɗaya, na ukun ma ta tsakanin ƙafafuna. Ina fitowa, mutane na ihu, shi kuma ya taho zai dafa kafaɗata. Na doke hannun. Na ce, "Kai mi ka sani a cikin al'amarinmu? Tubabbe kawai, jiya-jiya ka zo!" A gaban garin duka na faɗa. Ya sunkuya ya ɗauki sifanarsa, ya goge ta a wando, ya tafi. Daga ranar bai sake taka filin nan ba har ya bar duniya. Ni kuma ban taɓa buɗe baki na ce ya yi haƙuri ba. Washegari dai na riga shi zuwa shago na share, na ɗauki akwatinsa na bi shi fadama, shi ma bai tayar da maganar ba. Na ɗauka hakan ya wadatar. Shekara goma ina ɗauka hakan ya wadatar.

Baƙar rigar tana cikin adakarsa, a can ƙasa, naɗe da takarda. Sau ɗaya a shekara, in damina ta ɗauke, yakan fito da ita ya shanya a igiya saboda asu, ya ja kujera ya zauna yana gadinta har rana ta yi sanyi. Gwiwar hannun duk faci ne, lambar ta koma ruwan ƙasa. Ba ya sa ta, ba ya barin kowa ya taɓa. Na taɓa kai hannu ina yaro, ya ce, "Kul! Wannan hannun uwata ne."

Ranar sadakar uku da safe, Gwaggo ta kira ni. Ta shiga takaba, tana zaune a kan tabarma a ƙuryar ɗakinta, mata kewaye da ita. Ta miƙo mini mabuɗi ta ce, "Fid da tufafinsa ka raba wa waɗanda suka yi wanka da waɗanda suka yi gina, kamar yadda aka saba. Baƙar rigar nan kawai za ka bar mini." Da kunnena na ji, ba zan ce ban ji ba.

Na shiga ɗakinsa na buɗe adaka. Na fitar da manyan riguna, da kaftani, da huluna. Da na kai ƙasa, na warware takardar, karo na farko a rayuwata na riƙe rigar. Na juya ta zan ninke, wuyan ya buɗe. A ciki, daidai inda zai taɓa ƙeyar mutum, ga alamar gicciye, ƙarama, tsawon gaɓar yatsa, an ɗinka da jan zare. Kuma zaren bai tsufa kamar rigar ba, ja ne sosai.

Ta taga ina jin muryar liman yana jan addu'a, ana amsawa da amin. Ina jin tarin baƙon nan na jiya, bai tafi ba. Na tuna matan da ke cike da ɗakin Gwaggo, masu hannu a kan komai, masu baki a kan komai. In ɗaya ta juya wuyan nan, kafin azahar magana ta kai kasuwa, kafin Juma'a ta ƙetare kogi: ashe Bature da abinsa a ɓoye, ashe an sallaci wanda bai kamata ba. Na gaya wa kaina mutuncinsa nake karewa. Amma tunda na yi niyyar faɗin gaskiya, bari in faɗe ta duka: a tsaye a ɗakin nan, ni ma na tambayi kaina abin da baƙon ya tambaya. Ni da na karɓe shi a kabari.

Yayana ya buga ƙofa ya ce ana jira. Na dunƙule rigar na cusa a cikin wata shuɗiyar babbar riga, na naɗe. A cikin waɗanda suka yi gina akwai wani dattijon Bafulatani, abokin Kawu, Baffa muke ce masa. Rugarsu tana tsallaken iyaka, Kawu ne ke gyara injin rijiyar da suke shayar da shanu, shi kuma yana kawo mana nono da man shanu. Na san a ranar zai koma, na kuma san in rani ya shigo za su yi kudu da dabbobi. Don haka na zaɓe shi. Na miƙa masa ƙunshin na ce sadaka ce. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi wa mamaci addu'a har idonsa ya ciko.

Bayan sadakar bakwai ƙanwar Kawu ta bugo waya. Ita kaɗai ta rage masa a duniya. Yaƙin da ake yi a ƙasarsu ya kore ta daga garin, gidan uwarsu ya ƙone da duk abin da ke ciki, tana zaune a ɗaki ɗaya a wata ƙasa da ba ta jin yarensu. Na riƙe wa Gwaggo wayar, suna magana da harshen da ban taɓa damuwa in koya ba, suna kuka. Da aka gama, Gwaggo ta share ido ta ce, "Ta ce ko hoto ɗaya na uwarsu ba ta fita da shi ba. Ba ta da ko tsinke da hannun tsohuwar ya taɓa. Na ce mata akwai riga. Ka ji yadda ta yi kuwa? Akwai likitan da muka yi aiki tare, zai tafi wajensu bayan na fita takaba, shi zai kai mata. Ina ka aje ta?"

Na ce, "Tana shago, Gwaggo. Na sa ta a leda saboda asu."

Ta ce, "Allah shi yi maka albarka."

Kai, da ma zagina ta yi.

Daga nan kowace Juma'a sai ƙanwar ta bugo. Ba na jin yaren, amma na gane kalmar da take maimaitawa, na san rigar ce. Wata rana Gwaggo ta ce mini matar ta sayi akwati ƙarami mai murfin gilashi, ta share wuri a kan teburinta. Abinci ya daina shiga mini. Matata ta ce ko makoki ne, na daka mata tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Injin mutanen Zagga na haɗa shi ba daidai ba sau biyu.

Na hau babur na bi ta Tsamiya na ƙetare iyaka. Rugar Baffa babu kowa, sai toka da turaku da busasshiyar kashin shanu. Na dawo na ce wa Gwaggo gyara na je. Bayan mako uku na sake komawa, na wuce Segbana, na shiga kasuwar shanu ina tambaya da guntun Fulatancina. Wannan ya ce gabas, wancan ya ce sun yi nisa. Sai a tafiya ta uku, saura kwana goma Gwaggo ta fita takaba, wani mai sayar da gishirin dabbobi ya kwatanta mini inda suka yi zango a bakin wani tafki. Na yi awa biyu ina ratsa gonakin auduga, taya ta yi faci sau ɗaya, na isa rana tsaka.

Baffa ya yi murna kamar ya goya ni. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo nono. Ban iya jira an gama gaisuwa ba, na ce, "Baffa, a cikin babbar rigar nan akwai wata baƙa ta ulu. Kuskure aka yi, ba ta cikin sadaka."

Ya sosa gemu, ya ƙwala wa matarsa kira. Ya ce, "Na gwada ta, ɗana. Zafi gare ta, hannun kuma ya wuce nawa da taƙi guda. Sai uwargida ta ga zaren mai kyau ne, irin wanda ba a samu a kasuwa yanzu."

Matar ta zo tana goge hannu a zane. Ba ta ga abin ɓoyewa ba, har da fara'arta. Ta ce an yi bikin jikarsu watan jiya, ta warware rigar ta yi wa 'yan mata kitso da ulun. Ta juya ta kira su. Suka fito daga bayan bukkoki su shida, suna dariya suna ɓuya a bayan juna, kowace da dogayen kitso har kafaɗa, baƙi wuluk, an saƙale da kuɗin azurfa. Na zauna ina kallon rigar Kawu a kan mutum shida.

Na ce, "Wuyan fa?"

Ta ce, "Wuyan ya ƙi warwaruwa, ɗinki ya yi masa yawa. Na jefa a murhu."

Ta shiga bukka ta fito da ragowar, ɗan dunƙule bai kai ƙwan kaza ba, ta sa mini a tafin hannu. Baffa ya rako ni har inda na jingine babur. Ya ga fuskata, ransa ya ɓaci. Ya ce, "Da ka ce mini ajiya ce, wallahi ko ƙuda ba ya sauka a kanta. Ai kai ka ce sadaka ce." Na ce haka ne, Baffa, ni na ce.

Washegari da hantsi na shiga wurin Gwaggo. Ita kaɗai ce, tana tsintar shinkafa a faifai. Na durƙusa na aje dunƙulen a gabanta, na faɗa mata komai, tun daga adaka har murhu. Ban rage ba, har tambayar da na yi wa kaina a ɗakin. Na zaci za ta yi ihu, don Gwaggo ba ta iya fushin shiru ba. Sai ta aje faifan a hankali, ta ɗauki zaren ta riƙe.

Ta ce, "Jan zaren da ka gani, nawa ne."

Na ɗago kai.

"Uwarsa ta ɗinka masa a ɓoye, lokacin da a ƙasarsu ko sunan Allah ba a so a ji a bakinka. Tsoro take kada a karya mata ɗa a raga, abin da ta sani ke nan, shi ta yi. Ranar da zai karɓi kalmar shahada, shi da kansa ya ɗauki rigar ya kai wa tsohon liman, uban wannan na yanzu, ya ce ga abin da ke ciki, in cire? Liman ya ce ba sawa za ka yi ba, ba salla za ka yi da ita ba, mai da ita adaka ka bar wa tsohuwa ɗinkinta. Da zaren ya fara tsinkewa, kawunka ya ce a bar shi ya tafi. Ni na ce a'a. Sau uku ina sabunta shi, ina bin ramin allurarta ɗaya bayan ɗaya, don ban taɓa ganin matar ba, nan kaɗai muke haɗuwa."

Na ce, "Gwaggo, ban sani ba."

Ta ce, "Ka tambaya? Ina nan zaune, taku goma tsakaninmu." Sai muryarta ta tashi, ta dawo Gwaggon da na sani. "Shekara talatin 'yan waje na faɗin abin da suka ga dama, bai taɓa hana shi barci ba. A cikin gidan nan ba wanda ya taɓa tuhumarsa sai kai. Sau biyu. Na farko ya dawo daga fili ya zauna a bakin gadon nan ya yi kuka, ya ce kada in gaya maka. Na biyu kuma sai da ka bari ya kasa ba ka amsa."

Ban san ya yi kuka ba. Wallahi ban sani ba, sai ranar.

Ta jawo wayarta ta miƙo mini. Ta ce, "Kira ta. Kai za ka faɗa, ni in fassara. Kuma kada ka gyara komai, ina jin ka."

Na kira. Tsohuwar ta ɗauka da murna, ta ambaci sunana yadda take iya faɗinsa. Na fara, ina faɗa Gwaggo na juyawa, jimla bayan jimla. Na kai wurin murhu, na tsaya. Har na duba ko layin ya yanke. Can ta yi magana, gajeriya, ba ta fi kalma biyar ba, muryarta ko rawa ba ta yi. Gwaggo ta rufe ido ta amsa mata da kalma ɗaya, ta kashe wayar.

Na ce, "Gwaggo, mi ta ce?"

Ta ce, "Ba naka ba ne."

Da lokacin tafiyarsa ya yi, likitan ya tafi da dunƙulen zaren a cikin ambulan na wasiƙa. Gwaggo ta fita takaba, tana gaisawa da ni, tana cin abincin da matata ke aikowa, amma har yau ba ta fassara mini ba, ni kuma na daina tambaya.

Ya Allah, ga bawanKa da ya zo mana daga nesa, ya shayar da gonakinmu, ya mutu a cikinmu yana mai salla. Ka haskaka kabarinsa, Ka yalwata masa, Ka sanyaya zuciyar matarsa da ta ƙanwarsa. Wanda duk ya karanta wannan, in ya taɓa cin shinkafar fadamar nan, ya yi masa addu'a. Ni kuma, in da saura, ku roƙa mini Allah ya sa ranar da za mu haɗu ya yarda ya dafa kafaɗata.